Shanun da Ba Su Taka Ƙasa Ba

Ranar Asabar aka je ƙirga shanu, kafin la'asar labari ya gama unguwar Rumde Ajiya da ke Garwa: shanu saba'in da shida na Ƙungiyar Mahauta ta Alheri sun yi ɓatan dabo. Littafi ya ce akwai ɗari huɗu da goma sha biyu a garken kiwo da ke bayan Bibemi, ido kuwa ya ga ɗari uku da talatin da shida. Sau uku aka ƙirga, har da wani dattijo da ya yi nasa da carbi, lissafin bai motsa ba.

Kuɗin ba na gwamnati ba ne balle a ɗaga kafaɗa a wuce. Gumin mahauta ne da suke zubawa duk mako, a sayi ramammun shanu da araha, a yi kiwonsu, a sayar gab da Sallah a raba riba. A cikin masu kaso har da matan da mazansu suka rasu suka bar su da marayu. Abin da ya tafi ya haura miliyan ashirin da biyu na sefa.

Mutanenmu ba sa iya kwana da tuhuma ba su rataya wa wani ita ba. Da farko aka ce ɓarayin daji ne, sai aka ce makiyaya. Zuwa Lahadi bakin kowa ya tsaya a kan Barthélemy, magatakardan ƙungiya, ɗan ƙabilar Tupuri, wanda ya shekara ashirin da biyu yana riƙe musu littafi. Shi ke biyan kuɗi, shi ke da makullin ofis, kuma shi kaɗai ne ba ya bin su masallaci idan an kira salla. Ranar Litinin jandarma suka zo suka ɗauke shi.

Ranar Talata aka aiko kirana.

* * *

Sunana Mardiya Sa'adu. Aikina bin diddigin kuɗin da aka karkatar, a kamfani ne ko a kotu. A unguwa ba wanda ya damu da takardun da na karanto a Ngawundere da Duwala, 'yar mai bin sawu suke ce mini. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shi ake kira idan an kore wa mutum shanu. Zai durƙusa ya dubi ƙasa, ya faɗa maka su nawa ne, wace ce ke ɗingishi, da inda suka nufa. Ni ma aikin ke nan, sai dai tawa ƙasar takarda ce.

Aikin ba ya tara wa mutum masoya. Shekara uku da dawowata Garwa bayan aurena ya mutu, har yau idan na shiga gidan biki sai mata su sauya zance, kamar zan tambaye su rasiɗin zannuwansu. Ba a sa ni a adashi. Ina zaune ni kaɗai a ɗaki biyu saman wani kantin magani, ni da fanka mai ƙara. Ƙofa ɗaya ce a garin nan nake shiga ba tare da an yi gyaran murya ba, ta yayana Nasrullahi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci can nake cin abinci.

Alhaji Dawuda, shugaban ƙungiya, ya tarbe ni a rumfarsa da ruwan sanyi da murmushin mai son a gama da wuri.

"Mardiya, ke 'yarmu ce, shi ya sa ba mu nemi bare ba. Aikin ba yawa, ɓarawo yana hannu. Ki duba takardu ki sa hannu. Ranar Asabar mu karanta wa jama'a, a miƙa wa kotu."

"Baba Alhaji, in sa hannu kawai ake so, akwai masu yi a bakin ofishin 'yan sanda a kan jaka biyu."

"Bakin ubanki ke nan," ya ce, ba tare da ya yi dariya ba.

Na faɗa masa yayana yana cikin masu sayo wa ƙungiya shanu, don haka zai fi kyau a nemi wani. Ya yarfe hannu. Duk garin nan, in ji shi, wa ba shi da ɗan'uwa a mahauta?

Ina fita Yaya Nasrullahi ya kira ni a waya.

"Mardi, kada ki karɓi aikin nan. Mahauta ba su da godiya."

"Na riga na karɓa, Yaya."

Sai ya ce Allah ya taimaka. Na ji daɗi a raina cewa akwai mai damuwa da ni.

* * *

A ofishin jandarma na tarar Barthélemy ya rame a kwana biyu. Mutum ne mai furfura da ciwon sukari, tabaransa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Matarsa Jacqueline tana zaune a kan benci a waje, rungume da kular abinci. Ta ce tun safe take nan.

Na ce ya bayyana mini yadda ake sayen shanun, kamar ban san komai ba.

Ya ce duk Alhamis mutum uku ke zuwa kasuwar kara da ke kusa da Bibemi: Alhaji Dawuda da kansa, Idrisa, da Nasrullahi. Kowa ya yi cinikinsa. Ba a biya a nan take. Masu rubutu na bakin kara su rubuta takardar ciniki, da farashi, da sunan dillali da lambar wayarsa, da kamannin dabbar, saboda ko mai ita zai ɓullo wata rana ya ce ta sata ce. Washegari su ukun su zuba takardunsu a wani tsohon gwangwanin biskit a ofis, shi kuma ya tura wa kowane dillali kuɗinsa ta waya.

"Sunan wanda ya yi cinikin fa?"

"Ba a rubutawa, Madam. Na yi magana tun tuni, suka ce ƙungiya ce ta saya, ba mutum ba. Suka ce in bar kawo musu rashin yarda irin na nasara."

Takardu saba'in da shida suna ɗauke da sunan dillali ɗaya, wani Buba Sali, wanda ba a taɓa ganinsa ba. Lambar wayar da aka tura wa kuɗin kuwa da katin shaidar Barthélemy aka yi mata rajista. Wannan ce hujjar jandarma, kuma ba ƙarama ba ce.

"Kwafen katina guda goma suna cikin durowa saboda aikin banki. Durowar ko makulli ba ta da shi." Ya cire tabaran ya goge da gefen riga. "Madam, ko cinyar akuya ban taɓa roƙonsu ba. Na je sunan 'ya'yansu, na je jana'izar iyayensu, ina tsayawa daga baya. Yau kwana biyu, ko mutum ɗaya bai leƙo ni ba."

Na san irin wannan tsayuwa daga baya. Idan takardu suka tafi kotu ranar Asabar da sunansa, gidan yari zai koma jiran shari'a, kuma da ciwon da ke jikinsa ban ga alamar zai kai ranar hukunci ba.

* * *

Na fara da inda idon kowa ya kauce. Alhaji Dawuda ya ɗora bene a gidansa cikin shekara biyun nan, daidai lokacin da kuɗin suka fara zurarewa. Da na tambaye shi inda ya samu, sai da jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni kike tuhuma? Ni da na yanka ragon sunanki?"

"Ba tuhuma ba ce, Baba Alhaji. Tambaya ce, kuma kowa zan yi wa."

Ya shiga ciki ya fito da takardu ya watsa mini a kan tabarma. Gonar gado ya sayar a Pitowa, da shaidu da hatimi, kuma kwanan wata ya dace. Na ba shi haƙuri. Ruwan sanyin ma ranar ban samu ba.

Idrisa kuwa tun kafin in zauna ya fara zufa. Mutum ne mai ƙiba da yawan rantsuwa. Na buɗe littafi kawai na yi shiru ina kallonsa, dabarar da ta fi kowace tambaya aiki. Bai kai minti biyar ba ya fashe.

"Wallahi Hajiya, jaka goma-goma ce kawai. A kuɗin masu kora nake ƙarawa. Ki rufa mini asiri, ina da 'ya'ya tara."

Na lissafa, duk satarsa ba ta kai kuɗin saniya ɗaya ba. Ga shi ko karatun boko bai yi ba, lambar wayarsa ma sai ya duba bayan wayar yake faɗa. Na rubuta abin da ya ci, na bar shi yana ta godiya kamar na yi masa kyauta.

Kuɗin Buba Sali an cire su ne a shaguna bakwai daban-daban, daga Garwa har Pitowa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a kan babur cikin zafin rana mai narka kwalta. Ba wanda ya tuna fuska. Na koma ɗakina da ciwon kai, na ci burodi da shayi a tsaye.

Yayana ban tambaye shi komai ba. Na ce wa kaina sai ranar Juma'a, a kan abinci, ya fi sauƙi.

* * *

Ranar Alhamis na tsallaka gadar Binuwai na nufi garken. Na zaga shingen ƙaya gaba ɗaya ina duban ƙasa yadda Baba ya koya mana. Babu inda aka keta, babu tsohuwar hanyar da aka toshe. Shanu saba'in da shida ba sa fita daga wuri su bar shi haka.

Babban makiyayin, Hammajoda, dogon Bafillace ne mai magana a hankali. Yana tsaye da sanda a kafaɗa yana kallona, har na gama wahalata, sannan ya gaishe ni da Fillanci.

"Jam na, 'yar Sa'adu? Na ga tafiyar ubanki a ƙafarki."

"Jam, Baffa. An ce shanu sun ɓace a hannunka."

"Haka na ji ana faɗa."

"Nawa aka kawo maka cikin shekara biyun nan?"

Ya dube ni kamar na yi ɗanyen zance a gaban surukai.

"Mu ba ma ƙirga shanu, ba kyau. Ke idan kin shiga gidanku, sai kin ƙirga mutane kafin ki san wani bai dawo ba? Kowace na san fuskarta. Da ɗaya ta ɓace, da ban ci abinci ba ranar." Ya gyara sandarsa. "Waɗanda kike nema, faɗa mini kamanninsu. In sun taɓa kwana a nan zan gaya miki."

Na buɗe jakata. Ina da kwanan wata, ina da farashi, ina da lambar kowace takarda, duk na kwafo daga kwamfutar Barthélemy. Kamanni kuwa ko ɗaya. Shi bai taɓa shigar da su ba don ba su shafi lissafi ba, jandarma ba su karanta ba, ni ma da nake taƙama da ido ban karanta ba.

"To ai ba shanu kike nema ba," in ji Hammajoda. "Lamba kike nema. Ni ban taɓa kiwon lamba ba."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Duk hanyar komawa ina jin kamar Baba ne ya yi mini faɗan.

* * *

Da safiyar Juma'a na karɓo gwangwanin biskit ɗin. Na kashe fanka, na shimfiɗa takardu saba'in da shida a ƙasa bisa kwanan wata, na durƙusa a kansu. Rubutun hannu daban-daban ne, na masu rubutun bakin kara, waɗanda ke rubuta duk abin da mai ciniki ya faɗa musu a ba su ɗari biyu.

Ta farko: jar saniya, ƙahon hagu ya sunkuya, farin tabo a goshi. Ta biyu: farin bijimi mai baƙin tozo, kunnen dama tsagagge. Ta uku: baƙar karsana, ƙafafun baya farare. Na ci gaba. Da na kai ta ashirin sai na ga jar saniya, ƙahon hagu ya sunkuya, farin tabo a goshi. Ta ashirin da ɗaya, farin bijimi mai baƙin tozo.

Na jera su layi-layi. Shanu goma sha tara ne kacal, an saye su sau huɗu, kuma kowane zagaye a jere ɗaya, ba wadda ta tsallake wata. Wanda ya ƙirƙiro dillali, ya saci katin mutum, ya raba cire kuɗi a shaguna bakwai, ya kasa ƙirƙiro saniya. Magatakarda zai rubuta fara ko ja ya wuce abinsa. Wannan kuwa mutumin shanu ne, sai ya ga dabba a idonsa kafin bakinsa ya iya faɗinta.

Har na fara murna. Sai na karanta ta goma sha tara da kyau: farar guzuma, ɗige-ɗigen baƙi a wuya, wutsiya guntuwa.

Na zauna daɓas a ƙasa.

Ina shekara tara na rufe ƙyauren garkenmu da ƙarfi, ya datse wutsiyar wata 'yar maraƙa fara mai ɗige-ɗige a wuya. Da Baba ya dawo ya ga jini, Yaya Nasrullahi ya ce shi ne. Ya sha dukan da har ya kwana biyu yana kwanciya rubda ciki, bai taɓa tona ni ba. Jar mai sunkuyayyen ƙaho ita ce Woɗeye, uwar garke, ita ke shiga gaba da yamma. Bijimin yana bin ta. Guntuwar wutsiya kullum ita ce ta ƙarshe. Jerin da ke shimfiɗe a ɗakina jerin shigar shanun Baba ne idan sun dawo daga bakin kogi.

Su goma sha tara ne. Yaya ya yi kiwonsu tun yana shekara bakwai, bai yi boko ba saboda su, kuma kowa ya san nasa ne wata rana. Shekarar da na ci jarrabawar shiga jami'a Baba ya sayar da su duka domin karatuna. Yaya da kansa ya kora su kasuwa. Ya dawo da igiyoyi a hannu, ya rataye su. Ni kuma ban taɓa tambayarsa yadda ya ji ba, shekara goma sha tara ke nan.

Na yi kuka a ɗakin nan, ba mai ji sai takardu. Mutum biyu ne a duniya za su iya karanta wannan sawu, ni da wanda ya bar shi. Da zan mayar da su cikin gwangwani in rufe, ba wanda zai taɓa sani. Na ɗauki murfin ma a hannuna. Sai na tuna Jacqueline a kan benci da kular abinci.

* * *

Matar Yaya, Mairamu, ta yi tuwon shinkafa da miyar yakuwa, ta zubo mana a tsohuwar langar Inna mai furanni. Tun muna yara a bakin garke ni da Yaya kwano ɗaya muke ci, girma bai raba mu da wannan ba, Mairamu har ta gaji da yi mana tsiya. Kamar kullum, ya sa yatsa ya turo naman gefena.

"Ci mana, Mardi. Kin rame."

"Yaya, jiya na je wurin Hammajoda."

"Yana lafiya?"

"Ya ce in karanta kamannin shanun. Yau na karanta."

Hannunsa ya tsaya a cikin langar. Bai ɗago ba.

"Gobe zan karanta su a gaban jama'a," na ce. "Da wanda ya san su zai tashi kafin in buɗe baki, da ya fi mini sauƙi. Dattijon nan ba zai rayu a gidan yari ba."

Ya daɗe yana kallon tuwon. Sannan ya turo sauran naman gabana, ya wanke hannu, ya ce Mairamu ta ƙara mini miya, ya saka takalmi ya fita. Mairamu ta leƙo tana tambaya ko gishiri ne ya yi yawa.

* * *

An taru a farfajiyar ofishin ƙungiya, ƙarƙashin bishiyoyin dogon yaro, mutum fiye da ɗari. Mata suna daga gefe. Jandarma biyu sun kawo Barthélemy sun zaunar da shi a kan kujera shi kaɗai. Alhaji Dawuda yana gaba, Idrisa yana ta share wuya da hankici, Yaya Nasrullahi yana ƙarshen benci ya sunkuyar da kai.

Na jira. Na gyara takardu, na sha ruwa, na sake gyara su. Bai tashi ba.

Na ce musu ba a saci saniya ko ɗaya ba, domin shanun ba su taɓa taka ƙasa ba, a takarda aka haife su. Na ce benen Alhaji halalinsa ne. Na ce Idrisa yana da 'yar magana da kwamiti, amma ba wannan ba ce. Aka fara guna-guni.

"To katin wa aka yi amfani da shi?" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Katin da ke cikin durowar da kowannenku ke buɗewa yana neman biro. Ku saurara. Zan karanta muku shanun da kuka saya sau huɗu."

Na fara. Jar saniya, ƙahon hagu ya sunkuya. Farin bijimi mai baƙin tozo. Baƙar karsana. Mahauta mutanen surutu ne, amma idan ana siffanta dabba sai su yi tsit, kowa yana ganinta a ransa. Ina kai ta bakwai na ga wani tsoho ya dafa na kusa da shi. A ta goma sha biyu Alhaji Dawuda ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Wannan ai garken Malam Sa'adu ne," ya ce a hankali. "Ni na yi dillancinsu."

Ban dubi kowa ba. Na karanta ta sha bakwai, na karanta ta sha takwas. Takardar ƙarshe tana hannuna, na kasa.

"Farar guzuma," in ji wata murya daga ƙarshen benci. "Ɗige-ɗige a wuya. Wutsiya guntuwa."

Yaya Nasrullahi ya miƙe tsaye.

"Ku saki Barthélemy, bai san komai ba. Jarina ne ya karye a tafiyar kudu, na ce in ara in mayar kafin Sallah. Na farko ya wuce ba wanda ya lura, sai na kasa tsayawa." Ya juyo gare ni, idonsa jajur. "Mai rubutu ya ce in faɗi kamanni. Na rufe ido in ƙirƙiro, sai su suka zo. Kullum su suke zuwa, Mardi."

Wuri ya kaure. Wasu suna zagi, wasu suna salati, wata tsohuwa tana tambayar wa zai biya ta kasonta. Barthélemy ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu biyu. Ban ga wanda ya je ya ba shi haƙuri ba, sai Alhaji Dawuda da ya tsaya kusa da kujerarsa yana murza hula. A ƙasan rahotona na rubuta cewa mai binciken ƙanwar wanda ake tuhuma ce, don haka a sa wani ya sake dubawa. Na sa hannu.

Ina fita na ji wata mata tana cewa, "Gadonsa aka sayar ta yi karatu, ga abin da karatun ya saka masa." Ban juya ba, domin ban ga ƙarya a maganarta ba.

* * *

Barthélemy ya koma garinsu da matarsa. Kafin ya tafi ya hawo benena da ƙyar ya kawo mini zabi biyu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Useko, Madam," wato na gode da Fillanci. Mahauta sun sami gaskiyar da suka biya a nemo musu, kuma tun ranar ko gaisuwata ba sa amsawa da kyau.

Ranar Laraba mai babur ya kawo mini ƙunshi daga Mairamu. Langar Inna ce, an wanke ta tas, ba komai a ciki, ba saƙo.

Da Juma'a ta zo na rasa inda zan sa kaina. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar yakuwa da nama, na zuba a langar na kai gidan yari inda aka tsare Yaya. Na zauna a gindin bishiya a waje. Bayan awa ɗaya gandiroba ya dawo mini da ita yadda na kai ta, ko murfin ba a ɗaga ba. Juma'a ta biyu ma haka. Na ba masu gadi suka cinye.

A ta uku ya miƙo mini ita, na ji ta yi sauƙi. Na buɗe. An ci tuwon rabi daidai, daga gefe ɗaya. Naman kuwa ba a taɓa ko yanka ɗaya ba, an ture shi duka zuwa ɗaya gefen.

Na wanke hannu da ruwan gorata, na juyo langar ta fuskance ni, na ci rabona a nan gindin bishiyar.